Rubutun da Na Tarar a Bayan Kafet

A shekarun da nake da ƙarfi na yi aiki a wata masana'antar robobi a Bompai, inda ake buga bokitai da butoci. Ba a wurin injuna na fara ba. An ɗauke ni mai shara a gidan manaja, wanda yake can bayan masana'antar. Manajan baƙo ne daga wata ƙasa, mutumin kirki, amma yana da wani ƙaramin farin kare mai yalwar gashi da ya tsufa har ba ya iya riƙe fitsari. A falo yake kwana, kuma kusurwa ɗaya ya zaɓa a kan wani koren kafet, nan yake tsugunawa. Kullum ina gogewa, kullum yana maimaitawa.

Da yake wani lokaci Azahar takan riske ni a gidan, na ji tsoron kada wata rana in manta in yi salla a wurin. Sai na ɗaga gefen kafet ɗin, na ɗauki alƙalamin da ake rubutu da shi a jikin kwali, na rubuta a bayansa da ajami, domin shi hannuna ya saba da shi tun daga makarantar allo: fitsarin kare, kada a yi salla nan. Na zagaye wurin da layi.

Manaja ya koma ƙasarsu, aka naɗe kayan gidan aka zuba a sito, ni kuma aka maida ni sashen ɗaurin kaya. Shekaru suka wuce. Ma'aikata suka gina ɗan masallaci kusa da ƙofar shiga, aka ba ni kula da shi da kiran salla. Wata rana hukumar masana'anta ta ce a ɗebi tsofaffin kafet a sito a shimfiɗa. Guda huɗu ne, duk koraye, iri ɗaya. Mu uku muka shimfiɗa su muna murna. Wallahi ko sau ɗaya karen nan bai faɗo mini a rai ba.

Duk rani ba a ji komai ba. Da damina ta sauka, ɗaki ya yi laima, sai wani zarni ya fara tashi a sahun farko ta hannun dama. Wurin kuwa na wani dattijo ne, direban babbar motar kamfani, wanda kowa ke kira Baba Direba. Nan yake tsayawa kullum, kuma shi ne mai doguwar sujada.

Wata Litinin da hantsi ina shara ni kaɗai, na durƙusa na shinshina wurin. Cikin koren akwai wani tabo mai duhu, kamar inda aka zubar da shayi tuntuni. Na ɗaga gefen. Sai ga rubutuna, da irin lanƙwasar da nake yi wa harafin kafu, da layin da na zagaye.

Na zauna a ƙasa tsintsiya na hannuna. Mu mun taso ana tsoratar da mu da azabar kabari a kan fitsari, tun kafin mu iya alwala. Ga shi kuwa wata bakwai goshin dattijon nan yana sauka a kan fitsarin kare, kuma da hannuna na shimfiɗa masa.

Abin da ya kamata shi ne in miƙe in gaya wa Malam Liman, wanda ke riƙe da makullan sito. Taku arba'in ne tsakaninmu. Amma na hango mutane suna cewa, ashe ya sani, ga ma rubutunsa. Sai na maida gefen kafet ɗin na take shi da ƙafa. Na ce a raina zan wanke shi ba tare da kowa ya ji ba.

Ran nan na kira Azahar. Na ƙi shiga sahun farko, na koma can baya kusa da takalma. Daga nan nake hangen Baba Direba yana sujada.

Talata da sassafe, kafin a busa shiga aiki, na kawo tafasasshen ruwa daga wurin mai shayi, na zuba garin sabulu, na dirza da buroshi har gumi ya jiƙa mini riga. Zarnin ya tashi ninki biyu, tabon ya ƙara faɗi. Na ruɗe. Na kunna turaren wuta, na fesa na ruwa. Da aka taru Azahar wani ya ce, "Malam Ladan, yau ɗaurin aure za a yi a nan ne?" Aka yi dariya. Baba Direba ya yi atishawa sau uku, ya tayar da kabbara a wurinsa, a kan danshin.

Laraba ban iya cin abinci ba. Alhamis da aka tashi daga aiki na hau babur na nufi Sharaɗa, wurin ƙanin matata, wanda sana'arsa wankin kafet da kujerun motoci ce. Na ce masa wani abokina ne abin ya sama.

"Abokin naka da tafasasshen ruwa ya wanke?"

Na ce i.

"To ya dafa shi ke nan, Yaya. Zafi kama tabon yake yi. Kada kuma ya kuskura ya zuba bilic, don idan ya haɗu da fitsari wani tururi yake tayarwa mai shaƙe mutum." Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Wannan abokin naka, shi ma ƙamshin turaren masallaci yake yi kamar kai?"

Ya daina dariya, ya jawo mini benci, ya yi mini bayani a hankali. Tsohon fitsari, in ji shi, bushewa yake yi ya zama kamar gishiri a can gindin zaren, laima ce take tayar da shi. Sai an jiƙa wurin da ruwan sanyi gauraye da ruwan kal, mai tsamin nan da ake zubawa a girki, rabi da rabi, ya ratsa har baya, a bar shi ya jima. Ba a dirzawa. Tawul ake ɗorawa a taka, a matse, a sake. In ya sha iska a barbaɗa farar hodar soda ta masu burodi, ta kwana, a share. Ya ce Lahadi zai zo da kansa.

"Amma Yaya, ni wari na sani. Maganar tsarki ku ne malamai."

Wannan kalma ce ta biyo ni har gida. Gobe Juma'a, akwai Asuba da La'asar, jibi Asabar akwai aiki. Salloli nawa ke nan kafin Lahadi? Idan kuma Allah ya karɓi raina kafin nan fa?

Juma'a da safe na tarar da Malam Liman a ƙofar sito yana karyawa da kunu. Na durƙusa, na gaya masa komai, tun daga karen. Bai katse ni ba. Ya ajiye kofin, muka tafi masallaci, ya ɗaga gefen da kansa ya karanta.

"Hannunka yana da kyau," in ji shi. "Yaushe ka ga wannan?"

"Litinin, Allah gafarta Malam."

"Yau kuma Juma'a. Shi ya sa kwana huɗu ba na ganin ka a bayana."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce watannin da suka wuce babu komai a kan kowa, ni ma mantuwa na yi. Wanda ya yi salla bai san da najasa ba, sallarsa ta yi. "Baba Direba ba shi da ramuwa. Amma kai ka sani, ka tsere da goshinka, ka bar nasa. Wannan ba ni zan yafe maka ba." Sannan ya ce in ƙanin matata ya gama da magungunansa, a bi da ruwa zalla wanda ba a gauraya da komai ba, a yi ta kwarara har ya fito garau, domin shi ne yake tsarkakewa. Nan take muka naɗe kafet ɗin, muka shimfiɗa tabarmi bayan mun wanke simintin.

Na sami Baba Direba a inuwar motarsa yana duba taya. Maganar ta fi ta Liman wuyar fita. Da na gama ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma.

"Kai ina kake tsayawa kwanakin nan?"

"Sahun baya, Baba."

"Hmm." Ya ci gaba da goge hannun. Can ya ce, "Ranar wankin ka kira ni."

Lahadi mu uku, ni da ƙanin matata da Baba Direba, muka baje kafet ɗin a kan simintin da ake lodi. Sau uku aka jiƙa shi da ruwan kal, ni ke taka tawul da ƙafafuna, ruwan da ke fita rawaya-rawaya. Soda ta kwana a kai. Washegari Baba Direba ya karɓi tiyo da hannunsa, ya yi ta kwarara ruwa gaba da baya, ya ƙi saki har ƙanin matata ya ce, "Baba, za ku ƙarar wa kamfani da rijiya." Kwana uku muna shanya shi muna kwashewa saboda hadari. Tabon ya dushe, ya bar wata 'yar inuwa. Rubutuna kuwa bai goge ba.

Ranar da aka maida shi, na kira Azahar, na juya zan nufi baya. Baba Direba ya kamo hannun rigata, ya matsa gefe guda, ya tsayar da ni daidai kan inuwar nan.

"Nan ne wurinka daga yau. Na yafe. Daidaita sahu."

Da na kai goshina ƙasa, kafin in yi tasbihi, sai da na ja numfashi ta hanci. Ƙamshin rana kawai na ji. Shekara tara na yi ina salla a wurin, kuma duk damina sai na ɗaga gefen na duba.