Ranar da Ishaku ya ja ni saman dutse

Na tafka wauta da yawa a aikin nan, amma wadda ba na mantawa ita ce ranar da na ce zan hau dutse da silifas, ga shekara sittin da ɗoriya, ga tumbi kamar tulu.

Ni direba ne a wata ƙaramar ƙungiya a Narayi. Boko dai aji uku na yi, malam ya huta, ni ma na huta. Duk Asabar muna kwasar matasa daga Narayi da Tudun Wada, waɗanda makaranta ta gagara ko suke fama da barin shaye-shaye, mu kai su hawan wani dutse a hanyar Kujama. Nawa aikin in sauke su, in kwantar da kujera, in yi barci.

Shugabar tafiyar, Madam Rahila, dokarta ɗaya ce: wanda ya fi kowa rashin sauri shi ne a gaba, ba mai wuce shi. Asabar uku a jere wani matashi, Ishaku, shi ne a gaba. Wata biyu ke nan da ya bar kwalba, ƙirjinsa bai dawo ba. Saboda shi ba a kaiwa sama, sauran suna ta tsokanarsa, "Gwamna, a taimaka a ba talakawa hanya!"

Ran nan a mota ya ce mini, "Baba Tanko, yau ce ta ƙarshe. Na gaji da zama abin dariya." Na kuwa san wajen waɗanda zai koma: tsoffin abokan shaye-shayensa.

Sai na ƙulla dabara: in bi su, in yi ta ɗingishin ƙarya, a sa ni a gaba, dariyar ta dawo kaina.

Da na ce ni ma zan hau, Madam ta kalli ƙafata. "Baba, da wannan takalmin?"

Na ce, "Haba Madam, ni da na yi kiwo a kan duwatsu?" Ko kaza ban taɓa kiwo ba.

Dabara ta ci. Aka sa ni gaba, na karɓi sarautar Gwamna. Amma kafin rabin hanya ɗingishin ya zama na gaske. Numfashi ya ƙare, na zauna daɓas.

Ishaku ne ya kamo hannuna. "Baba, kar ka kalli sama. Taku goma, mu huta." Haka ya yi ta ƙirga mini, shi ma yana haki, har muka ga rufin gidajen Kaduna a ƙarƙashinmu.

A nan na gane yaran nan ba tausayi suke nema ba. So suke a ce akwai mai bukatarsu.

Ina kwance a kan dutse ya miƙo mini ruwa, ya rage murya ya ce, "Baba, na san da ƙarya ka fara. To, in ban zo Asabar mai zuwa ba, wa zai riƙe ka?"

Na kafa kai ina shan ruwa.