Takalmin Hagu na Baba

Babana ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana gyaran takalma a ƙarƙashin matattakalar wani bene, kusa da tashar mota. In ka gaishe shi, ƙafarka zai fara kallo kafin fuskarka. Ya san mai jan ƙafa, ya san mai take dunduniya, ya san wanda ya aro takalmi don zuwa neman aiki. Magana ba ta dame shi ba, kullum da zare ko ƙusa a bakinsa. Mu uku ya haifa, mun tashi da warin gam a kayan makarantarmu, kuma ban taɓa jin ya ce wa ɗayanmu sannu da ƙoƙari ba. Ni ce ta tsakiya, ni ce kuma ya zauna a wurina bayan rasuwar Mama. Yayana da ƙanwata sai dai a waya, nan suka fi iya tausayi.

Wata rana ya dawo daga aiki da kwalin takalmi a hammata, kwalin yana motsi. Kwikwiyo ne ya tsinta a bayan tasha, ja, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Mutumin da bai taɓa ɗora jikansa a cinya ba, sai ga shi yana fifita wa kare madara. Ya sa masa suna Gam, wai don ya manne masa.

Gidan haya muke, ƙofa takwas suna kallon tsakar gida ɗaya, kowace ƙofa da tarin takalma a bakinta. Kafin Gam ya shekara ba ƙofar da ba ta zo mini da ƙara ba. Ya ja shanya ƙasa, ya cinye sabulun wanki, ya tone tukunyar furen matar mai gidan hayar har sau uku. In ya ji ƙarar babur, sai ya bi shi har bakin titi ya dawo yana haki kamar ya yi wa gari aiki. Ba ya tafiya, sai gudu. Ni ke ba da haƙuri, ni ke sake wanki, Baba kuwa sai ya ce, "Yaro ne, zai daina."

Abu biyu kacal Baba ya iya koya masa. Na farko, ba ya cin abinci sai wanda ya fito daga hannun Baba, ko nama ka jefa masa sai ya shinshina ya wuce. Na biyu, kowace safiya shi ke kawo masa takalmi. Baba zai zauna a kan benci a bakin ƙofa, Gam ya kawo ƙafa ɗaya, Baba ya ce, "Saura ɗaya." Ya ruga ya kawo ɗayan. Sai an cika biyu ake sosa masa kunne a ba shi gutsuren burodi.

Sai ciwon suga ya ci ƙafar Baba ta hagu, aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Kafin a sallame mu daga asibiti har an ba mai gyaran waya wurinsa na ƙarƙashin bene. Na kwaso akwatin aikinsa na tura ƙarƙashin gado.

Safiyar farko da ya fito benci da sanduna, Gam ya kawo na dama, ya koma da gudu ya kawo na hagu, ya ajiye shi daidai inda babu ƙafa. Ya zauna yana kaɗa bindi, yana jiran burodi. Baba ya daɗe yana kallon takalmin. Maƙwabta suna layin famfo, kowa ya gani, wata har ta toshe baki da gefen mayafi. Ni kam kunya da haushi suka rufe ni. Ranar na tattara duk takalmansa na hagu na kai bola. Guda ɗaya ne na kasa jefawa, baƙi na fata, wanda ya ɗinka da hannunsa ya sa ranar aurena. Na ƙulle shi a leda na cusa saman kabad.

"Ina na hagun?" Baba ya tambaye ni.

"Na zubar da su duka. Me za ka yi da su?"



Gam dai bai yarda an gama aiki da ƙafa ɗaya ba. Ya kawo na dama, ya shiga ɗaki ya birkice ƙarƙashin gado, bai samu ba, ya fito ya tsaya yana kallon ƙofa bakwai cike da takalma. Daga ranar ba wanda ya sake samun takalminsa a cike. Silifa, kambas, mai tsini, na jariri, duk wanda bakinsa ya kai shi ne na hagun Baba.

Da Baba mayarwa yake yi kawai, da da sauƙi. Amma mutum ne da ba ya iya riƙe takalmi mai ciwo ya sake shi haka. Ya sa na jawo masa akwatin, ya fito da basilla da zare da guduma. Duk abin da Gam ya kawo sai ya juya shi, ya latsa, ya ɗinke inda ya ɓalle, ya goge, sannan ya ce in mayar. Ba wanda ya sa shi, bai kuma karɓi ko sisi ba. Rabon da in ga ya cinye abincinsa tas tun kafin asibiti, sai a kwanakin nan. Har waƙa na ji yana yi ƙasa-ƙasa, da ƙusa a baki.

Matsalar ita ce ƙafa ɗaya yake gyarawa, don ɗaya ake kawo masa. Malamin makarantar da ke ƙofa ta uku ya tafi aji da takalmi ɗaya yana sheƙi ɗaya ya yi furu-furu. Wannan an yi dariya an wuce. Wanda ba a yi dariya ba shi ne na matar mai gidan. Takalmin fitarta ne, dunduniyar ta cinye, Baba ya sa masa sabuwa mai kauri. Ta saka a gaggauce za ta unguwa, ta ratsa tsakar gida tana ɗingishi, yara suka bi ta da kallo. Ta dawo ta tsaya a kan Baba.

"Don kai an yanke maka, shi ne kake so kowa ya gurgunce?"

"Ki kawo ɗayan, Hajiya, in daidaita miki," in ji shi, da gaskiyarsa.

Da yamma mijinta ya kira ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce zuwa ƙarshen wata, ko kare ya bar gidan ko mu bar shi tare da kare. Ni da yara biyu, da miji da ke aiki a wani gari, da tsoho mai ƙafa ɗaya, ina za mu?

Na ɗaure Gam, ya cinye igiya. Na sa sarƙa, ya yini yana kuka har wata maƙwabciya mai jego ta zo tana zagina. Na roƙi maƙwabta su riƙa shigar da takalmansu ciki, suka ce a kan kare ba za su sauya zama ba, kuma ban ga laifinsu ba. Na haɗa baki da wani direban babbar mota ya tafi da shi ya sake shi can nesa. Kwana huɗu Baba bai taɓa akwatin ba, shayi ma sai na yi faɗa. Rana ta biyar sai ga Gam, ƙashi da fata, tafin ƙafarsa duk jini, da wani yagaggen silifa a baki wanda ba na kowa ba ne a gidan. Baba ya rungume shi a gaban mutane, yana cewa, "Ka dawo, ɗan albarka." Ni da na yi wata biyu ina kwashe masa fo, ban taɓa samun wannan kalma ba. Na tsani karen nan a ranar, tsana ta gaske.

"Baba, korar mu za a yi."

"To a kore mu. Shi kaɗai ke kawo mini aiki."

Saura kwana uku wata ya ƙare na sayo shinkafar ɓera da ɗan nama. Na barbaɗa gubar a naman, na jefa wa Gam a bayan ɗaki, ya shinshina, ya kalle ni, ya wuce. Na tsaya ina tunani, sai na tuna abin da ke saman kabad. Takalmin yana nan da warin Baba a cikinsa, warin gumi da gam. Na cusa naman can cikin bakinsa, da sassafe na ajiye a bayan ƙofa, na tafi ɗora ruwan shayi. Hannuna ko rawa bai yi ba, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Baba ya fito benci kamar kullum. Gam ya kawo na dama. Baba ya ce, "Saura ɗaya." Wannan karon ya jima bai dawo ba. Da ya fito, tsalle yake yana juyi, bindi kamar zai cire, ya samo abin da ya yi wata da watanni yana nema. Ya ajiye shi inda ya saba. Baba ya miƙa masa burodi, ya karɓa, bai haɗiye ba. Can ya fara layi, ƙafafun baya suka ƙi ɗaukarsa, kumfa ta fito. Abin bai yi sauri ba kamar yadda wanda ya sayar mini da gubar ya ce. Baba ya zamo daga benci ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan karen a kan dungulmin ƙafarsa, yana sosa masa kunnen nan da ba ya tsayawa, har ya daina motsi.

Sannan ya ɗauki takalmin. Ya juya shi, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya leƙa ciki, ya shinshina. Ina tsaye da kofin shayi a hannu. Karo na farko a rayuwata da ya kalli fuskata bai fara da ƙafata ba.

"Kin ce kin zubar."

Na ajiye masa shayin a kan benci.

Muna nan a gidan har yau, matar mai gidan ma har gaishe ni take yi. Baba ya ƙara wata bakwai a duniya. Bai yi mini faɗa ba, bai gaya wa yayana ba, bai sake buɗe akwatin ba. Kowace safiya ni ke kawo masa takalmin dama, in durƙusa in saka masa. In na miƙe, sai ya kalli bayan ƙofa ya ce, a hankali, "Saura ɗaya."