Kunnen Radojka da Ƙirjin Dunja

Ƙanwata Radojka ta shekara ashirin da biyu tana ɗinki a wani kamfanin riguna a nan Valjevo, kuma ba abin da take taƙama da shi kamar kunnenta. Wai daga ƙarar keke take gane allura ta kusa karyewa. To da wannan kunnen take auna ƙirjin 'yarta Dunja, mai shekara tara, wadda likita ta ce tana da asma. In dai Radojka ta kara kunne ba ta ji ƙirji na ƙarar fito ba, yarinya lafiyarta ƙalau, kuma ba mai ja da ita.

Abu ɗaya take tsoro a duniya, promaja, iskar nan mai ratsawa tsakanin taga da ƙofa. A wurinta ita ta kashe kakanmu, ita ta karkace wa maƙwabcinsu baki. Tun watan Oktoba take toshe tagogi da tsummoki. Murhun itace na ci, mijinta Milenko na busa sigari a kicin, tukunyar tattasai na tafasa. Kana shiga idonka zai kama hawaye, amma taɓa taga ka ga tashin hankali.

In Dunja ta yi tari kuwa, sai a jiƙa tawul da giyar rakija a naɗa mata a ƙirji, a hana ta makaranta kwana uku, tana wari kamar mashaya. Tir! Wace yarinya ce za ta sake buɗe baki ta ce ƙirjinta ya matse? Ta daina faɗa, a hankali ma ta daina ji. Da ta bar zuwa rawarmu ta gargajiya ta kolo, uwar har yabonta take yi, wai natsuwa ce ta gado a wurinta.

Da faɗa na ja su asibiti. Likita ta tambayi Dunja yaya jiki, ta ce lafiya lau, Radojka ta harare ni. Sai likitar ta miƙa wa yarinyar wani bututu mai ma'auni, ta ce ta hura iya ƙarfinta. Sau uku tana hurawa, da ƙyar ta kai rabin abin da ake so. Likita ta ce ƙirjin da ya matse sosai ba ya ƙarar fito, don iskar da za ta yi ƙarar ma babu. Aka shaƙa wa Dunja magani. Can an jima sai ta dafe ƙirji a tsorace.

"Mama, iska na shiga har cikina. Lafiya kuwa?"

Ni hawaye ne ya zubo min. Radojka kuwa ta juyo ta ce, "Kin gani ko, Yaya? Garau na kawo ta, sun firgita min 'ya."

Maganin da aka ce a shaƙa safe da yamma yana can cikin kabad tare da kofunan baƙi, wai kada yarinya ta saba. Na yi magana har na gaji, an ce ban taɓa haihuwa ba.

Jiya Dunja ta zo gaishe ni a benen da nake zaune, a hawa na uku. Na ji shiru ba ta ƙaraso ba, na leƙa, na same ta tun a hawa na farko ta rungume ƙarfen bene, kafaɗunta na sama da ƙasa. Na ce me ya faru.

"Ba komai," ta ja numfashi, "Inna. Lafiya," ta sake ja, "lau nake."

Abin da ya fi ci min rai, ba ƙarya take min ba. Iyakar lafiyar da ta sani ke nan.