Keken Malam Iliya a Bakin Fito

Duk wanda ya zauna a Haɗeja a farkon shekarun casa'in ya san Malam Iliya mai allurar shanu. Mutumin Filato ne, ƙato, irin wanda in ya zauna a bakin benci sai na ɗaya gefen ya riƙe da kyau. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, ruwa. A cikin duwatsu ya tashi, bai taɓa koyon iyo ba. Ni maƙwabcinsa ne, na sha yi masa tsiya a kan haka.

Da daminar wata shekara ciwon huhu ya fara taɓa shanun rugagen da ke hayin kogi. Maganin rigakafin a akwati yake tafiya cikin ƙanƙara, in ta narke kafin a isa, ya lalace. Babur ɗin ofis kuwa ya daɗe da mutuwa. Sai ya ja ni muka tafi wurin Tukur mai sayar da kekunan gwanjo.

Idon Malam Iliya na sauka kan wani jan keken tsere, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, shi ke nan ya mato. Tun yana saurayi yake sha'awar irinsa. Ya hau, taya ta lotsa, wayoyin ƙafar suka fara kuka. Tukur ya dafe ƙirji.

"Likita, don Allah sauko mu yi maganar a ƙasa."

Ya nuna masa wani da yake kira ruwa-biyu, jiki irin na tsere, amma taya mai kauri, kai miƙaƙƙe, ga wurin ɗaura kaya a baya. Wannan ya ɗauki Malam Iliya, ko kuka bai yi ba. Sai dai ya fi nauyi, mashigar da zai bi kuma kwalekwale ɗaya gare ta, ɗan ƙarami. Ya koma gida yana ta saƙa da warwara, har matarsa Tani ta gaji.

"Baban Rut, fara sayen wanda zai kai ka bakin ruwan. In ka isa sai ku yi shawara da kogi."

Ruwa-biyun ya saya. Washegari na raka shi, yashi bai kayar da shi ko sau ɗaya ba. A mashiga, Inuwa mai fito ya dubi keken, ya dubi akwatin, ya daɗe yana duban mai su.

"Malam, ko kai ko su. In na haɗa ku, kifi ne zai sha allurar."

Sawu biyu ba zai yiwu ba. Ruwa ya malale fadama, zuwa da dawowa sai rana ta take, ga akwatin ya fara ɗiga. Barin keken ma ba dama, rugagen da sauran nisa.

A gefe akwai babban gora, irin wanda masunta ke kifawa a kai su bi ruwa. Malam Iliya ya tsaya yana kallonsa. Ni dai na ɗauka gida za mu koma. Sai na ga ya tuɓe riga ya miƙo mini. Inuwa ya ɗaura goran da igiya a bayan kwalekwale. Keke da akwati suka zauna a ciki kamar masu gari, mai su kuwa ya rungume gora, ya runtse ido, yana rera waƙar coci da muryar da ba ta fita sosai. Na yi dariya har da hawaye, amma gabana faɗuwa yake yi.

Haka ya riƙa haye ruwan nan duk damina har ya yi ritaya, sai dai ranar farkon ce ba na mantawa. Da suka kai hayi, ina hangensu daga nesa, ya fito da rarrafe, bai ko nemi numfashi ba ya buɗe akwatin. Sai ya ɗago wani abu sama don in gani, yana ƙyalli a rana. Ƙanƙarar ce, da sauranta.