Guɗar Gwaggo Talatu a Ƙofar Su Ngozi

Wata ranar Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da na gama firamare, aka liƙa sunayen waɗanda suka ci jarrabawar shiga sakandare a bangon ofishin hedimasta. Ni da ƙawata Ngozi muka kutsa cikin cunkoson yara, muka bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa. Sunana na nan. Nata muka nema har sau uku, ba mu gani ba. Muka kamo hanyar gida a ƙarƙashin lema ɗaya har muka shiga unguwarmu, Congo-Russia, a cikin Jos.

Gidan haya muke zaune, ɗakuna a kewaye da tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya biyu. Ɗakin su Ngozi yana kallon namu. Babanta yana sayar da kayan gyaran babur a Tina Junction, nawa baban tela ne. Tare muke bin layin famfo da sassafe, sanyin Jos na cizon yatsunmu, tare muke tsince acca da fere dankali, in mun gama mu zana 'yar gala-gala a bakin zaure. Na sha miyar agushin uwarta, ta sha gwaten tawa uwar, har an daina tambayar wa ya ci a ɗakin wa.

Mai guɗa ɗaya ce a gidan, Gwaggo Talatu, yayar babana. Guɗa ita ce siririyar muryar nan mai kaifi da mace ke saki idan murna ta fi ƙarfin magana. Gwaggo takan kama hanci da yatsu biyu, ta ɗaga kai, ta bar harshe yana karkarwa, sautin ya tashi yana rawa har numfashi ya ƙare. Ba a cewa ta rera guɗa, rangaɗa ta ake yi. Da ita ake sanar da unguwa cewa mai ciki ta sauka lafiya, da ita ake tarar amarya da alhajin da ya dawo. Ranar da aka haifi ƙanin Ngozi, uwarta tana kwance ta aiko a kira Gwaggo ta yi mata. Inna, mahaifiyata, takan ce, "Guɗa albishir ce, duk wanda ya ji yana da rabo a ciki."

Sai dai a shekarar, Gwaggo da Maman Ngozi ba sa ga-maciji. Rinin zanen Maman Ngozi ne ya ɗiga a kan farin mayafin Gwaggo a igiyar shanya, kuma wata biyu ke nan ko gaisuwa babu.

Muna shiga, Ngozi ta wuce ɗakinsu ta saki labule, kukan da ta riƙe tun daga makaranta ya kufce mata. Ni kuwa na faɗa wa Inna labarina a hankali, na ƙara da na Ngozi. Gwaggo na zaune tana cin goro, ta ji duka biyun. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zane, ta damƙi wuyan hannuna. Na zaci a ƙofarmu za ta tsaya, kamar yadda aka saba. Sai ta ja ni muka ratsa tsakar gida cikin taɓo, ta tsaya daf da labulen su Ngozi, ta ɗaga hannuna sama, ta rangaɗa.

Ban taɓa ganin guɗa kusa haka ba. Jijiyoyin wuyanta sun miƙe, harshenta ja da goro yana kaɗawa, yawu na fantsamo min a goshi. Idonta ba a kaina yake ba, a kan labulen yake. Ta ja numfashi ta sake, ta kuma sakewa. A tsakanin guɗa da guɗa ana jin shessheƙar Ngozi.

"Yaya, yarinyar na ciki fa," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa.

"To ni na kayar da ita? 'Yata ce ta ci, bakina ne kuma. Wanda bai so ji ba ya toshe kunne."

Matan gida suka fito suna barka. Can Maman Ngozi ta ɗaga labule, ta wuce Gwaggo ko kallo babu, ta dafa kaina ta ce da irin Hausarta, "Hadiza ya ci, mun gode Allah. Allah ya ƙara." Na so ƙasa ta tsage in shige. Na je famfo na wanke goshina har sau biyu, amma ban shiga wurin Ngozi ba. Kunya ce ta hana ni, kuma har yau ƙyamar wannan kunyar tawa ba ta gaza ƙyamar abin da Gwaggo ta yi ba. Bayan mako biyu aka kai Ngozi wurin ƙanwar uwarta a unguwar Kabong, ta maimaita aji shida a can. In ta zo hutu takan gaishe ni yadda ake gaishe da baƙuwa.

Yanzu a wuraren biki na Jos mai sa kiɗa ne ke danna maɓalli, guɗa ta fito daga lasifika sau goma a jere, babu numfashin kowa a ciki. Nakan yi kewar ta da, wadda kan ratso katanga mace ta ajiye muciya ta fito tana tambayar wa aka yi wa alheri. Duk da haka, bara da 'yata ta ci tata jarrabawar, wata maƙwabciya ta kai yatsu hanci, sai na riƙe hannunta. Na ce ta dakata mu ji ko akwai yaron da bai ci ba a layinmu. Akwai guda biyu. Muka shiga ɗaki muka ci shinkafarmu shiru. Murnar da ta jira ba ta ragu ba.