A-kori-kurar da Baba Ya Bi Sawunta

Shekarar da na gama sakandare Baba ya sayar da ragowar shanunmu. Ba su da yawa a lokacin, amma su ne jikokin garken da kakanmu ya shigo da shi gari, jajaye masu gajeren ƙaho. Ko bayan da muka zauna a Bulumkutu muka yi katanga da ƙofar ƙarfe, Baba bai daina zuwa duba su wajen mai kiwon su a bayan Khaddamari ba. Ya sayar da su ne don ya sayi a-kori-kura. Sana'arsa ta riga ta koma harawa da dusa, yana kai wa masu turka raguna a cikin gari, motocin haya kuwa sun gajiyar da shi: yau direba ya zo, gobe a ce ya tafi biki.

Duk gidan mun san abin da ke ciki ba tare da an faɗa ba. In motar ta yi kyau, shanun kama kawai suka sauya. In ta zama ta banza, garken kakanmu ya ƙare a garejin makaniki, kuma babu sauran abin sayarwa.

Kowa da sharaɗinsa. Baba yana son wadda za ta ja tirelar da ya sa aka ƙera masa, a cike, cikin yashi. Ammi, mahaifiyarmu, ta ce sai mai ƙofa huɗu, don ba za ta je suna a bayan mota iska na wasa da lafayarta ba. Yayana kuwa, wanda shi zai riƙa tuƙawa, ya riga ya ga wata baƙa mai duhun gilashi a wani filin sayar da motoci a Moduganari, ta hana shi sukuni.

Da hantsi muka shiga keke napep, ni da Baba da Yaya. An tafi da ni ne don in karanta takardun mota. A can muka tarar da makanikin da Yaya ya kira, wani dogon mutum ɗan kudancin Borno mai yawan dariya. Motocin suna jere a inuwar darbejiya, ganye na zubo musu ɗaya-ɗaya. Baƙar tana gaba, an goge ta har ina ganin sama da gajimare a jikin ƙofarta. Ni ma a zuci na ba ta ƙuri'ata.

"Wushe, Alhaji, wushe, sannu da zuwa," in ji dillali yana riƙe hannun Baba da hannu biyu. "Ga amarya nan. 'Yar Kwatano ce, ko ƙurar Borno ba ta gama sani ba."

"Amarya ai ba ta ɗaukar kaya," in ji Baba. "Ni mai aiki nake nema."

Makaniki ya buɗe gaba, ya saurari injin, ya shinshina bakin mai, ya ce lafiya lau. Yaya ya dubi Baba yana jiran a fara ciniki. Sai Baba ya ce a ɗaura mata kaya tukuna.

"Wane kaya kuma, Alhaji? Nan ba tasha ba ce."

"Ba a sayen takarkari a kwance. Ka taɓa ganin wanda ya yi?"

Dillali ya yi ƙorafi, ya ce tun da yake sana'a ba a taɓa sa shi dako ba. Amma ya aro tirelar masu bulo da ke maƙwabtaka da su, rabinta a cike, aka maƙala wa baƙar. A bayan filin akwai wata doguwar hanyar yashi da ba a cika bi ba. Yaya ya hau, ya buɗe wa Baba ƙofa.

"Tafi kai kaɗai. Miƙe sak, kada ka karkata."

Motar ta tafi a hankali, Baba ya bi ta a ƙasa, hannayensa a baya, kansa a sunkuye, kamar yadda na sha ganin yana bin bayan saniya a kasuwa. Masu wanke motoci suka tsaya suna kallo. Na ji ɗaya yana cewa tsoho zai duba haƙoranta ma. Kunya ta kama ni, na ja mayafina.

Baba ya tsuguna. Ya ɗauki tsinke ya nuna ƙasa.

"Wannan ta taɓa karaya."

"Haba Alhaji, ka ji tsoron Allah," in ji dillali.

"Shi nake ji. Zo ka gani." Ya kira makaniki, ni ma na matsa. Tirelar ta fi motar faɗi, don haka sawunta yana can gefe, na motar yana tsakiya a fili. "Dabba mai lafiya, in tana tafiya a miƙe, inda ta ɗauke ƙafar gaba nan take sa ta baya. Wadda ta taɓa gocewa a ƙugu, sai ta riƙa sa ta a gefe. Dubi nan. Na gaba ga shi, na baya ga shi. Yatsu uku ne tsakani."

Makaniki ya duba sawun. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar, ya daɗe yana ƙanƙara da ƙarfe. Da ya fito, hannunsa duk baƙin fenti, dariya yake yi.

"Baba, ka raba ni da abincina. Shasin ya taɓa tsagewa, wato ƙashin bayanta. An yi walda an shafe da fenti. A kwalta za ta kai ka har Kano. Amma ranar da ta ja kaya mai nauyi a rami, nan za ta buɗe."

Dillali ya rantse shi ma haka aka kawo masa ita, kuma ina jin gaskiya ya faɗa, don shi ma sai da ya leƙa. Yaya ya sauko jiki a sanyaye.

A can ƙarshen layi akwai wata fara mai ƙofa huɗu, kujerar direba a yage, rediyonta ba ya magana. Mai shan gas ce, muryarta kamar ta tsohon liman. Aka mayar mata da tirelar. Baba ya sake bin baya, wannan karon masu wanke motoci ma suka bi shi. Layi biyu kawai ta bari a yashi, kamar an ja su da zare. Makaniki ya ƙirga sifirin, ƙarafan da ke ɗaukar nauyin kaya, ya girgiza ƙugiyar ja ya ga a jikin shasi take, ya gwada giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Na karanta takardu, lambar da ke rubuce ta yi daidai da ta jikin ƙarfe. Baba ya miƙa wa dillali hannu.

Yaya ya kwana biyu ba ya kallon ta. Baba ma bai saki jiki ba. Abokansa na zuwa sa albarka, shi dai sai ya ce a bari ta ga hanyar gona tukuna.

Bayan an cire wake muka tafi ɗaukar harawar farko, har da Ammi, wadda ta zauna a baya kusa da ni tana yaba sanyin kujera. Aka loda tirela har ta fi motar tsayi, aka ɗaure da igiya, ƙamshin busasshen ganye ya cika mana hanci. A hanyar dawowa akwai wani busasshen rafi mai zurfin yashi da gaɓa mai tsayi. A nan motocin haya suke sauke rabin kaya, su haye, a yi ta jido da ka.

Yaya ya tsaya a bakin rafin.

"Baba, mu rage mata."

"Ba don a rage mata na saye ta ba. Sa mata giyar nan."

Ammi ta fara salati ƙasa-ƙasa. Muka gangara. Yashi ya kama tayoyin, motar ta yi nauyi, na ji tirelar tana jan mu baya kamar mai roƙon mu zauna. Injin ya sauke murya, ya yi gurnani mai kauri. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma tsaya ba. Gaɓar ta taso ta cika gilashin gaba, sai sama, sai ga kan itatuwa, sannan ƙasa mai tauri a ƙarƙashinmu. Na waiga. Harawa tana nan cif, ko dami ɗaya bai faɗi ba.

Wasu manoma da ke hutawa a gindin tsamiya suka ɗaga mana hannu. Yaya ya daki sitiyari yana dariya, ya ce wallahi ko giya ta biyu bai nema ba. Baba ya sauke gilashi, ya fitar da hannu ya dafa ƙofar daga waje, ya bar shi a nan har muka hau kwalta.

Kafin azahar muna Bulumkutu. Ammi ta ce a shigo a ci abinci.

"Ku zuba mana a kwano mu tafi da shi," in ji Baba, yana kwance igiya da kansa. "Akwai sauran lodi guda a gona, kuma rana ba ta yi nisa ba."