Randar Illa Ba Ta Bushe Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba 16 ga Afrilu 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyata Hajiya Baiwa Illa a nan Matameye, tana da shekara saba'in da takwas.

Hajiya, shekara talatin muna katanga ɗaya, ban taɓa ganin randar ƙofar gidanki babu ruwa ba. 'Yan kabu-kabu, matan Tsauni masu zuwa kasuwa, har ni da kike tsokana wai malamin lakwal ne, mai koyar da boko, amma ban iya mayar da murfi ba, duk mun sha.

Ke kika ba ni asalinta. Mahaifinki Illa ya tafi Kano cin rani, ya shiga sojan Ingila lokacin yaƙin duniya. A wani gumurzu da Italiyawa cikin hamada harsashi ya same shi a cinya, aka wuce aka bar shi a rana, harshe ya kafe. Wani sojan Italiya, cikin waɗanda suke harbi tun safe, shi ya tsuguna ya ɗura masa sauran ruwan gorarsa. Ko sunansa Illa bai sani ba. Da ya dawo gida yana ɗingishi, ya kafa randa, ya yi alkawari babu mai wuce ƙofarsa da ƙishirwa. Kika gaji alkawarin.

Bara ɗanki Shamsu ya so a ɗauke ta, ya gina butik, wato kanti, a wurin. Wallahi na ji haushinsa, na kuma faɗa masa. Ke ba ki yi faɗa ba. Sai da ciwo ya kwantar da ke kika riƙe hannuna kika ce, "Malam Munkaila, ba mutuwar nake tsoro ba. Wa zai cika randar Baba?"

To, ga amsar, Hajiya. Washegarin sadakar uku na fito daga masallaci da hantsi, sai ga Shamsu da kansa, babban ɗan kasuwa, ya naɗe hannun riga yana juye bido, jarkar ruwa, a cikin randar. Ya miƙo mini moɗa. Na sha ina hawaye, kuma na mayar da murfin.

Allah Ya jiƙanki, Ya shayar da ke daga Alkausara. Shamsu, ƙanwarka Najaha da sauran iyali, Allah Ya ba ku haƙuri.

Munkaila Iliyasu, Matameye